Izinin Aiki a Ƙasar Saudiyya: Tambayoyi da Amsoshi Ga Mai Niyyar Tafiya

Babu wata ƙasa a wajen Afirka da Bahaushe ya daɗe yana zuwa kamar Saudiyya, tun zamanin da alhazai ke ratsa Chadi da Sudan a ƙasa, suna yada zango suna noma ko ƙwadago don haɗa guzuri, har su kai bakin Bahar Maliya. Waccan tsohuwar hanya ta bar wa mutanenmu wani tunani da bai dace da dokar yau ba, wato cewa duk wanda ya samu ya sa ƙafa a ƙasar, to neman abinci ya halatta gare shi duk inda ya ga dama. A dokar Saudiyya kuwa izinin shiga daban, izinin zama daban, izinin aiki ma daban, kuma na ƙarshen nan yana ɗaure ne da mai ɗaukar aiki guda da sana'a guda. Amsoshin da ke ƙasa sun ginu ne a kan dokar ƙwadago ta ƙasar da ƙa'idojin hukumominta. Kuɗaɗen da aka ambata hukuma kan sauya su lokaci-lokaci, don haka a tabbatar da su a hanyoyin gwamnati kafin a ƙulla wata magana.

Wane ne yake buƙatar izinin aiki, kuma wace hukuma ce ke bayar da shi?

Dokar ƙwadago ta shekarar 2005, a sashe na 33, ta hana wanda ba ɗan ƙasa ba yin kowane irin aiki sai da lasisi daga ma'aikatar da ke kula da ƙwadago, wadda a yanzu ake kira Ma'aikatar Albarkatun Ɗan Adam da Ci Gaban Al'umma. Dokar ba ta bambanta likita da lebura a nan ba. Sharuɗɗan da ta gindaya su ne mutum ya shigo ƙasar ta halastacciyar hanya da izinin yin aiki, ya mallaki ƙwarewar da ƙasar ke buƙata, sannan ya kasance yana da yarjejeniya da wani mai ɗaukar aiki da ke da alhakinsa. 'Yan ƙasashen ƙungiyar yankin Gulf suna da sassauci na musamman, amma wannan bai shafi ɗan Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru, Chadi ko Sudan ba.

Mene ne bambancin biza, igama da lasisin aiki?

Bizar aiki ita ce ke ba mutum damar shiga ƙasar, kuma ana samun ta ne ta ofishin jakadancin Saudiyya a ƙasar da yake zaune. Lasisin aiki yana fitowa daga ma'aikatar ƙwadago, ta dandalin Qiwa, inda kamfanoni ke gudanar da harkokin ma'aikatansu. Igama kuwa katin zama ne da Jawazat, hukumar fasfo da ke ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, take bayarwa. A jikin katin akwai hoton mai shi, sunansa, ƙasarsa, sana'arsa, da lamba mai alƙaluma goma wadda take farawa da 2, saɓanin ta 'yan ƙasa da ke farawa da 1. Da wannan lamba ake buɗe asusun banki, a yi rajistar layin waya, a kama hayar gida, a ga likita. Wanda ba shi da ita yana raye a ƙasar, amma kusan babu wata ƙofar hukuma da za ta buɗe masa.

Mai ɗaukar aiki ne ke da alhakin fitar da igama cikin kwana 90 daga ranar da ma'aikaci ya shigo, bayan an sake yi masa gwajin lafiya a can, an kuma yanka masa inshorar lafiya. Ma'aikaci yana iya duba ranar ƙarewar igamarsa da kansa a manhajar Absher, kuma yana da kyau ya riƙa dubawa, domin idan ta ƙare ba a sabunta ba shi ne zai fara ɗanɗana kuɗarsa a shingen bincike, ko da sakacin ba nasa ba ne.

Zan iya nema wa kaina bizar aiki daga gida?

A'a. Bizar aiki ba ta farawa daga wajen ma'aikaci. Kamfani ko mutumin da ke son ɗaukar ka shi ne zai fara neman izinin shigo da ma'aikata daga ma'aikatar ƙwadago, a ba shi adadin biza da aka rubuta sana'a da ƙasar da za a ɗauko mutanen. Daga nan sai ya wakilta wani ofishin ɗaukar ma'aikata ya kammala takardunka. Abin da ke kanka shi ne fasfo mai sauran wa'adi, gwajin lafiya a asibitin da ofishin jakadanci ya amince da shi, katin rigakafin cutar shawara, takardar 'yan sanda da ke nuna ba ka da tabon laifi, ɗaukar hoton yatsu, da takardun karatu da aka tantance idan aikin na masu ilimi ne. Gwajin lafiyar ba wasa ba ne, domin ana duba tarin fuka, ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki, kuma wanda ya bi ta bayan fage ya sayi sakamako a gida zai sake fuskantar gwajin a can, inda za a iya mayar da shi bayan ya riga ya kashe abin da ya tara.

Idan na shiga da bizar Umara ko ta ziyara, ba zan iya neman aiki in gyara takarduna daga baya ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace jefa mutanenmu cikin wahala, saboda haka ta cancanci a tsaya a kanta. Bizar Umara, ta Hajji, ta ziyarar iyali da ta yawon buɗe ido duk ba su halatta aiki ba, ko na kwana ɗaya ne, kuma babu wata hanya da aka buɗe wa kowa ta mayar da su bizar aiki daga cikin ƙasar. Wanda ya samu mai son ɗaukar sa yayin da yake Umara, abin da ya dace shi ne ya fita kafin wa'adinsa ya cika, ya koma gida, a aiko masa da bizar aiki ya sake shigowa da ita.

Wanda ya zauna bayan wa'adin bizarsa ya ƙare yana iya fuskantar tarar da ta kai riyal 50,000, ɗaurin da ya kai wata shida, sannan a kore shi. Wannan ita ce rayuwar da muka sani da sunan takari. Mutum yana fita da sassafe yana waige-waige, ba ya iya zuwa asibitin gwamnati hankali kwance, idan wanda ya yi wa aiki ya hana shi kuɗinsa ba shi da inda zai kai ƙara ba tare da ya tona wa kansa asiri ba, idan kuma ya haihu a can, yaron zai tashi babu takardar da za ta kai shi makaranta. Masu dawowa da kaya su ne ake gani a unguwa. Waɗanda suka shekara goma ba su iya zuwa jana'izar iyayensu ba, saboda fita na nufin ba za su sake shiga ba, ba kasafai ake ba da labarinsu ba, alhali suna da yawa a unguwannin Makka da Jidda.

Akwai bizar aiki ta wucin gadi da ta aikin lokacin Hajji, waɗanda kamfanoni ke nema wa ma'aikatan da za su yi 'yan watanni. Su ma kamfani ne ke nema, kuma mai riƙe da bizar aikin lokacin Hajji ba a ba shi izinin yin aikin Hajji da ita ba. A shekarar 2025 hukumomi sun sanya tarar da ta kai riyal 20,000 ga mai yin Hajji ba da izini ba, tare da kora da hana shiga na shekara goma.

Wa ya kamata ya biya kuɗin biza, igama da tikiti?

Sashe na 40 na dokar ƙwadago bai bar wata ƙura ba. Mai ɗaukar aiki ne ke biyan kuɗin ɗauko ma'aikaci, kuɗin igama da lasisin aiki da sabunta su, tarar da jinkirinsa ya jawo, kuɗin sauya sana'a, da tikitin komawa gida idan yarjejeniya ta ƙare. Idan ma'aikaci ya rasu, shi ne kuma ke ɗaukar nauyin mayar da gawarsa, sai dai idan iyalansa sun yarda a binne shi a can.

Kuɗin ba kaɗan ba ne. Igamar ma'aikacin kamfani riyal 650 ce a shekara, lasisin aiki riyal 100, sannan ga harajin da gwamnati ta ɗora kan kowane baƙon ma'aikaci, wanda tun 2020 ya kai riyal 800 a wata idan baƙi sun fi 'yan ƙasa yawa a kamfanin, ko riyal 700 idan ba su fi ba, ban da wasu kamfanoni da aka yi wa sassauci. Idan aka haɗa, kamfani na iya kashe riyal 10,350 a shekara kan takardun mutum ɗaya, kafin a zo batun albashi da inshora. Sanin wannan lissafi yana da amfani, domin shi ne ke bayyana dalilin da ya sa wasu iyayen gida ke ƙoƙarin zaftare kuɗin daga albashin ma'aikaci. Yin haka saɓa doka ne, kuma abu ne da za a iya kai ƙara a kansa.

Me ake nufi da firi biza da wasu ejan ke tallatawa?

Babu biza mai wannan suna a dokar Saudiyya. Abin da ke faruwa shi ne wani ɗan ƙasa ya samo biza da sunan ƙaramin kamfaninsa alhali ba shi da aikin da zai bayar, ya sayar da ita, wanda ya saya ya shigo ya riƙa neman aiki a gari, yana biyan kafilin, wato ɗan ƙasar da igamarsa ke ƙarƙashinsa, wani abu duk wata ko duk shekara, kuma kuɗin sabunta igama duk a kansa. A takarda mutumin yana da igama mai kyau, amma sashe na 39 ya haramta wa ma'aikaci yin aiki a wajen wanda ba shi ne ya ɗauke shi ba, ko yin aikin gashin kansa. Ranar da masu bincike suka same shi a wani shago ko wurin gini, igamar ba za ta cece shi ba. Haka kuma duk ranar da ya kasa biyan kafilin, ko suka samu saɓani, kafilin yana iya shigar da rahoton cewa ya gudu daga aiki. A ganina wannan ita ce mafi munin hanya, domin mutum ya biya kuɗin halas ya sayi matsayin mai laifi.

Kusa da wannan akwai buɗe shago ko sana'a da sunan ɗan ƙasa alhali jarin na baƙo ne, abin da ake kira tasattur. Dokar 2020 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara biyar da tarar da ta kai riyal miliyan biyar a kansa, ga kuma haɗarin cewa dukiyar a takarda ba ta mai ita ba ce.

Shin sana'ar da aka rubuta a igama tana da wani tasiri?

Ƙwarai kuwa. Wanda aka rubuta masa direba ba shi da izinin tsayawa a kanti yana sayar da kaya, ko da kantin na ubangidansa ne. Sana'ar ce kuma ke nuna ko mutum zai iya ɗauko iyalinsa. Ana iya sauya ta ta hanyar Qiwa idan kamfani ya nema kuma takardun ma'aikaci sun dace, amma akwai ayyukan da aka keɓe wa 'yan ƙasa, kamar wasu muƙaman kula da ma'aikata, gadin kamfanoni, da saye da sayarwa a shagunan waya da na gwal. Tun 2011 gwamnati ke amfani da tsarin Nitaqat wajen auna yawan 'yan ƙasa da kowane kamfani ya ɗauka, ana sanya kamfanoni a rukunin launuka. Kamfanin da ya faɗa ja ba ya samun sababbin biza, kuma yana shan wahalar sabunta lasisin ma'aikatansa. Don haka tambayar launin kamfani kafin sa hannu ba shisshigi ba ne. A 2025 kuma an fara rarraba lasisin aiki gida uku bisa ƙwarewa, ana la'akari da ilimi, gogewa, albashi da shekaru.

Likitoci, ma'aikatan jinya da injiniyoyi fa?

Su sai sun ƙara da rajistar hukumar sana'arsu. Ma'aikacin lafiya yana buƙatar rajista da hukumar ƙwararrun lafiya ta Saudiyya, wadda ke sa a tantance takardunsa daga tushe ta kamfanin DataFlow, wato a tuntuɓi jami'ar da ya yi da asibitin da ya yi aiki, sannan yawanci ya zauna jarrabawa. Injiniya kuma sai ya yi rajista da majalisar injiniyoyi ta ƙasar kafin a sabunta masa igama da wannan sana'a. Takardar jabu a nan laifi ne da ke kai mutum kotu.

Me ya kamata in duba a takardar yarjejeniya?

Yarjejeniyar baƙo dole ta kasance a rubuce kuma mai wa'adi. Idan an rubuta ta da Larabci da wani harshe, na Larabcin ne kotu ke bi, don haka wanda ba ya jin Larabci ya nemi amintaccen mai karanta masa kafin ya sa hannu. Kamfani yana ɗora ta a Qiwa, ma'aikaci ya karanta ya amince ko ya ƙi, kuma abin da ke cikin Qiwa shi ne hujja, ba alkawarin da ejan ya yi da baki a Kano ko Yamai ba. A duba asalin albashi daban da alawus na gida da sufuri, sunan sana'a, garin da za a yi aiki, tsawon wa'adi, da lokacin gwaji, wanda ba zai wuce kwana 180 ba.

Akwai haƙƙoƙin da yarjejeniya ba za ta iya ragewa ba. Aiki awa takwas ne a rana ko awa 48 a mako, a watan Ramadan kuma awa shida ga Musulmi. Aikin da ya wuce haka ana biyan sa da ƙarin rabin asalin kuɗin awa. Hutun shekara kwana 21 ne da albashi, ya koma 30 bayan shekara biyar a wuri ɗaya. Wanda ya yi shekara biyu a jere kuma bai taɓa sauke farali ba yana da hutun Hajji na kwana goma zuwa goma sha biyar, sau ɗaya. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana sa ma'aikaci aiki a cikin rana tsakanin sha biyu zuwa uku na yamma.

An ce an soke tsarin kafili. Gaskiya ne?

An sassauta shi ƙwarai, amma igiyar ba ta tsinke ba. Daga ranar 14 ga Maris 2021, ma'aikacin kamfani da ya cika shekara ɗaya a ƙasar yana iya komawa wani kamfani ba tare da yardar na farko ba, matuƙar ya bi ƙa'idar ba da sanarwa kuma sabon kamfanin ya cika sharuɗɗa. Yana kuma iya komawa tun kafin shekarar idan an hana shi albashi wata uku a jere, ko lasisinsa ya ƙare ba a sabunta ba, ko ba a fitar masa da lasisin ba cikin kwana 90. Bizar fita da dawowa da ta fita ta ƙarshe ma yana iya nemansu da kansa a Absher, a sanar da kamfani kawai. Wanda ya bar aiki kafin wa'adin yarjejeniya ba tare da dalili na doka ba, ana iya neman sa da diyya.

Abin da bai canja ba shi ne har yanzu igama tana rataye ne a wuyan mai ɗaukar aiki, shi ke fitar da ita, shi ke sabunta ta. Sannan gyaran na 2021 bai haɗa da masu aikin gida, direbobin gida, makiyaya da masu aikin gona ba, kuma a nan ne mutanenmu da yawa suke.

To wace doka ce ke kare masu aikin gida?

Dokar ƙwadago ta ware su, suna da tasu ƙa'ida daban, wadda aka sabunta ta fara aiki a watan Oktoban 2024. Ta ce ba za a ɗauki wanda bai kai shekara 21 ba, aiki ba zai wuce awa goma a rana ba, akwai hutun yini guda cikakke a mako, hutun wata ɗaya da albashi bayan shekara biyu, da hutun rashin lafiya har kwana 30 a shekara. Ɗaukar su yana bi ta dandalin Musaned, kuma an wajabta biyan albashinsu ta hanyar banki ko asusun waya domin a samu shaida. Mai aikin gida na iya neman a mayar da ita wani gida idan an hana ta albashi na watanni ko an ci zarafinta.

Matsalar ita ce mace tana cikin gida, ƙofa a rufe, babu mai bincike da ke shiga. Saboda haka kafin ta tashi ya kamata ta haddace ko ta rubuta lambar ofishin da ya kai ta, ta ofishin jakadancin ƙasarta a Riyad ko ƙaramin ofishin da ke Jidda, da lambar ma'aikatar ƙwadago ta karɓar ƙorafi, 19911, ta kuma bar wa danginta hoton fasfo, biza da yarjejeniya. Yin aikatau na awa-awa a gidajen da ba na kafilinta ba saɓa doka ne, duk da cewa kuɗinsa ya fi tsoka.

Ubangidana yana da ikon riƙe fasfona?

Ba shi da shi. Hukumomin Saudiyya sun haramta riƙe fasfo ko igamar ma'aikaci, kuma akwai tara a kan mai yin haka. Idan ya ƙi bayarwa, a kai ƙorafi ma'aikatar ƙwadago.

Mene ne hurub, kuma yaya ake fita daga cikinsa?

Rahoto ne da mai ɗaukar aiki ke shigarwa cewa ma'aikaci ya daina zuwa aiki. A da, shigar da shi kaɗai kan mayar da mutum mai laifi nan take. Tun watan Oktoban 2022, ma'aikacin kamfani da aka shigar wa irin wannan rahoto yana da kwana 60 ya koma wani kamfani ko ya nemi fita ta ƙarshe, kuma sai wa'adin ya wuce bai yi ko ɗaya ba sannan ya zama mai saɓa dokar zama. Wannan kwana sittin ɗin yana wucewa da sauri, kuma mutane da yawa ba sa sanin an shigar da su sai lokaci ya ƙure, saboda layin wayar da aka yi rajista da shi ba ya hannunsu. Wanda rikici ya shiga tsakaninsa da ubangidansa ya riga shi kai ƙara, kada ya tattara kayansa ya ɓace, domin ɓacewar ce ke ba ɗaya ɓangaren hujja.

Idan an hana ni albashi, ina zan kai kuka?

Matakin farko shi ne sulhu a ofishin ƙwadago, ana shigar da ƙorafin ta intanet, kuma an ba wannan mataki kwana 21 na aiki. Idan ba a daidaita ba sai a tura maganar kotun ƙwadago, wadda ta fara aiki a ƙarƙashin ma'aikatar shari'a a 2018. Tsarin kare albashi ya wajabta wa kamfanoni biya ta banki, don haka bayanan asusu hujja ne mai ƙarfi. Kada a sa hannu a takardar da ke cewa an karɓi dukan haƙƙi alhali kuɗi bai shigo ba. Kada kuma a yi jinkiri, domin kotu ba ta sauraron ƙarar da aka shigar bayan wata goma sha biyu da ƙarewar aiki, sai da uzuri karɓaɓɓe.

Zan iya ɗauko matata da 'ya'yana?

Ya danganta da sana'ar da ke igama da kuma albashi. Masu aikin ƙwarewa suna samu, lebura da mai aikin gida yawanci ba sa samu. Tun watan Yulin 2017 aka ɗora haraji kan kowane mutum da ke ƙarƙashin baƙo, ya fara da riyal 100 a wata, ya kai 400 a 2020. Mai mata ɗaya da 'ya'ya uku zai biya riyal 1,600 a wata, wato 19,200 a shekara, kuma daga aljihunsa, sai dai idan kamfani ya yarda a rubuce zai ɗauka. Igamar iyali ba izinin aiki ba ce, matar da ke son koyarwa ko aikin asibiti sai an nema mata nata izinin.

A Makka aka haife ni. Ni ma sai na nemi izini?

Haihuwa a ƙasar ba ta mayar da mutum ɗan ƙasa, domin ta wajen uba ake gadon zama ɗan Saudiyya. Akwai Hausawan da kakanninsu suka zama 'yan ƙasa tun farkon kafuwar masarautar, har sunan Hausawi ya zama sanannen sunan dangi, amma wanda mahaifinsa baƙo ne shi ma baƙo ne, kuma idan ya girma zai yi aiki sai an mayar da igamarsa hannun mai ɗaukar aiki. 'Ya'yan mace 'yar Saudiyya da ta auri baƙo suna da sassauci wajen aiki, kuma suna iya neman zama 'yan ƙasa idan sun cika sharuɗɗa.

Me ke faruwa da wanda aka kama ba shi da takardu?

Ana ɗaukar hoton yatsunsa, a kai shi tarhil, wato wurin tsare waɗanda za a kora, kamar na Shumaisi da ke tsakanin Makka da Jidda. Zai zauna har ofishin jakadancin ƙasarsa ya tabbatar da shi ya ba shi takardar tafiya, abin da kan ɗauki makonni ko watanni, sannan a hana shi dawowa na tsawon shekaru. Sauya fasfo ko suna ba ya amfani, tunda yatsu ba sa sauyawa. Wanda ya ba shi aiki ko masauki shi ma yana cikin laifi, kuma mai taimaka wa mutane tsallaka iyaka a ɓoye na iya samun ɗaurin shekara 15 da tarar riyal miliyan ɗaya. Gwamnati ta taɓa yin afuwa, kamar a 2013 da kuma 2017, inda aka bar masu laifin zama su fita ba tara, amma ba abu ne mai lokaci sananne da za a zauna jira ba.

Ta yaya zan gane ejan na gaskiya?

A Najeriya, ofishin da ke kai mutane aiki waje dole ya mallaki lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, a Nijar kuma hukumar ANPE ce ke kula da sha'anin samar da aiki. A nemi ganin lasisin, a je ofishin da ƙafa. Ejan na gaskiya zai faɗi sunan kamfanin, ya nuna yarjejeniya kafin tafiya, kuma bizar da zai kawo za ta nuna ta aiki ce da sana'ar da aka yi magana a kai. Wanda ya ce a shiga da ta Umara daga baya za a gyara, ko ya ce za a biya shi da albashin watannin farko, ko ya bi da mace ta wata ƙasa don kauce wa binciken filin jirgi, to a guje shi, kuma a sanar da hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane.

Idan yarjejeniya ta ƙare, me nake bi kuma yaya zan fita?

Ma'aikacin kamfani yana bin kuɗin sallama, rabin albashin wata ga kowace shekara a shekaru biyar na farko, sannan cikakken albashin wata ga kowace shekara bayan haka, bisa albashinsa na ƙarshe. Mai ɗaukar riyal 2,000 da ya yi shekara bakwai zai karɓi 5,000 na shekaru biyar da 4,000 na biyun ƙarshe, jimilla 9,000. Idan shi ne ya ajiye aiki, lissafin yana raguwa, babu komai ƙasa da shekara biyu, kashi ɗaya cikin uku daga biyu zuwa biyar, kashi biyu cikin uku daga biyar zuwa goma, cikakke kuma bayan goma. Kamfani zai biya cikin mako ɗaya da ƙarewar aiki, ko mako biyu idan ma'aikaci ne ya ajiye, tare da kuɗin hutun da bai ci ba da takardar shaidar aiki kyauta. Kafin bizar fita ta ƙarshe ta fito sai an biya tarar hanya, an kuma sayar ko an sauya sunan motar da ke kan igama, kuma idan ta fito mutum yana da wa'adin da bai wuce kwana 60 ba ya bar ƙasar. A tabbatar kuɗin sallama ya shiga asusu kafin a hau jirgi, domin bin bashi daga Katsina ko Damagaram yana buƙatar wakili da takardar wakilci da aka tantance a ofishin jakadanci.